Siririn rubutu a katin biki: canza fon, ƙara kauri, ko kai aikin Kano?

Wannan maganar ta 'yan uwana ce masu shagon kwamfuta a garuruwa irin namu, Ringim, Gumel, Ɓaɓura, Ƙaraye, Bichi da sauransu, inda firinta ɗaya tal ce ke fitar da katin ɗaurin aure, ita ce ta takardar jarabawar firamare, ita ce kuma ta rasit ɗin mai sayar da taki. Matsalar kowa ya santa. Ka zauna ka tsara kati ya yi ras a sikirin, ango ya gani ya ce haka nake so, ka danna firin, takarda ta fito sai ka ga siraran layukan haruffan sun tsinke, e ya koma kamar c, sandar t ta ɓace, ƙugiyar ƙ da ɗ kuwa sai ka kai katin bakin ƙofa wajen haske ka ƙura ido kafin ka ganta. Hanya uku mutane ke bi, wani ya canza fon ɗin, wato salon zanen haruffan, gaba ɗaya, wani ya bar fon ɗin ya ƙara masa kauri da hannu, wani ya ce firintarsa ce ba ta da kyau ya ɗauki aikin ya tafi cikin birni. Ba kuɗi ɗaya suke ci ba kuma ba ciwo ɗaya suke magani ba, shi ya sa nake so mu auna su.

Sai dai mu fara da abin da ke kashe layin. Firinta ba zane take yi ba, ɗigo take jerawa. Yawancin firintocin leza da muke da su a shaguna 600 dpi ne, wato ɗigo 600 a inci ɗaya, inci kuwa milimita 25.4 ne, ka ga kowane ɗigo ya kama kusan 0.04 mm kenan. To a ce fon ɗin da ka ɗauka siririn layinsa kashi 2 cikin 100 ne na girman harafin. A saiz 10 wannan layin 0.2 pt ne (pt shi ne ma'aunin da ake auna saiz ɗin rubutu da shi), kusan 0.07 mm, bai ma cika ɗigo biyu ba, firinta za ta rasa ko ɗaya za ta sa ko biyu, a wani harafin ta sa biyu a wani ta sa ɗaya, in kuma tona, wato garin tawadar leza, ta yi rauni ɗayan ma ya tafi. Fon ɗin nan dai shi ɗin, ka kai shi saiz 36, layin ya zama 0.72 pt, kusan ɗigo shida, ko tsohuwar firinta za ta fitar da shi tas. Don haka in wani ya ce maka wai wannan fon ɗin ba ya fita, tambayarsa za ka yi a wane saiz, da wane launi, a kan wace takarda.

Su irin waɗannan haruffan masu gefe ɗaya kauri gefe ɗaya kamar gashi, Bodoni da Didot, asalinsu ƙarshen ƙarni na 18 ne, Giambattista Bodoni a Parma ta Italiya da gidan Didot a Faris. Lokacin da ake sassaƙa haruffa a jikin ƙarfe, kowane saiz da nasa sassaƙar daban, in ƙarami ne sai maƙerin ya ƙara wa siraran layukan kauri ya buɗe cikin harafin, in babba ne ya bar shi ya yi siriri son ransa. Kwamfuta ce ta zo ta ɗauki zane ɗaya tana ja tana matsewa, sai ya zama zanen da aka yi don babban kanu mu muke matse shi zuwa saiz 9 mu rubuta adireshin gidan amarya. Shi ya sa in ka ga an rubuta Display a ƙarshen sunan fon, kamar Playfair Display, ana gaya maka na manyan rubutu ne, in ka ga Text ko Caption na ƙanana ne. Mutane ba sa kula da wannan kalmar sam.

Canza fon ita ce hanya mafi arha, ko sisi ba za ka kashe ba, kuma ni ita nake fara ba kowa shawara a duk rubutun da ya gaza saiz 14. Akwai fon da dama can don wahala aka zana su. Matthew Carter ya yi Bell Centennial a 1978 don littafin lambobin waya na Amurka, ƙananan rubutu a kan takarda mai arha, har ramuka ya bari a kusurwoyin haruffan don in tawada ta bazu ta cike ramin maimakon ta toshe harafin. Shi ne kuma ya yi Charter a 1987 don firintocin wancan zamanin masu ƙarancin ɗigo, kuma a kan Charter ɗin ne ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL suka gina Charis SIL, wanda kyauta ne kuma yana da ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, an zana ƙugiyar da kauri daidai da jikin harafin. Suna da Andika ma, wanda aka yi don masu koyon karatu, layinsa kusan kauri ɗaya ne ko'ina, a takardar 'yan firamare ban ga kamarsa ba. Times New Roman da kowa ya saba da shi tsaka-tsaki ne, don jarida aka yi shi a 1932, a saiz 12 baƙi a kan fara lafiya lau yake fita, amma yana da siraran wurare, ka sauke shi ƙasa da 10 ko ka bi shi da fotokwafi sai ya fara zubewa. Arial ya fi shi juriya nesa ba kusa ba. Abin da zan ce a kiyaye shi ne duk mai Light ko Thin a sunansa, irin Calibri Light da Word ya riƙa sakawa a kanu da kansa a baya, a sikirin yana da kyau, a tsohuwar leza kamar an rubuta da fensir.

Inda wannan hanyar ke da cikas shi ne kwastoma. Ango ba zai yarda katinsa ya yi kama da takardar asibiti ba, kuma yana da gaskiya, biki ne, kwalliya ake so. Yadda nake raba gardamar shi ne in bar masa mai lanƙwashe-lanƙwashen nan, Edwardian Script ko makamancinsa, a sunan ango da amarya kawai, babba, saiz 30 zuwa sama, sauran kuma rana da lokaci da wurin ɗaurin aure da lambar waya duk su tafi a fon mai jiki. In ya ce a'a duka yake so da mai kwalliyar sai in fitar masa da guda biyu in ce ranka ya daɗe kai wa Baba a gida ya karanta maka wurin da lokacin a kowanne. Dattijon da zai riƙe katin nan da yamma a zaure, wataƙila ba tabarau, shi ne alƙalin, domin in bai gane 11 ne ko 1 ba to katin bai yi aikinsa ba komai kyansa.

Ga kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai masu rubuta Hausa. Waɗannan fon na kwalliya da ke zuwa da Office, Edwardian Script, Monotype Corsiva, Vivaldi, babu ɓ ɗ ƙ a cikinsu. In ka buga ɗ sai kwamfuta ta aro shi daga wani fon daban, ka ga harafi ɗaya ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar suna ba kaurinsu ɗaya da 'yan uwansa ba, ko kuma akwati ya fito a wurin. Wasu sai su ɗauki abin zane a manhajar tsara dizain ta CorelDRAW su ja wa d ƙugiya da hannu, kuma kusan kullum siririya suke ja, wani ma ya bar ta a Hairline, wanda bai kai 0.1 mm ba, ita ce farkon abin da zai ɓace a takarda. Ƙugiyar nan ba ado ba ce, ita ce ta raba ƙafa da kafa, ɗaki da daki, kuma mutum sunansa Ɗahiru ko garinsu Ɓaɓura yana da haƙƙin a rubuta masa daidai a katin aurensa. In dole sai ka ja da hannu, ka yanko lanƙwasar daga jikin wani harafi na fon ɗin, misali kan f, ka liƙa, kaurin zai zo ɗaya.

Hanya ta biyu, ƙara kauri da hannu, ita ce ta masu cewa fon ɗin nan dai shi nake so. A CorelDRAW ka zaɓi rubutun ka danna F12 ka ba shi layin gefe mai launi ɗaya da na rubutun, ɗan kaɗan, 0.1 zuwa 0.2 pt. Dabarar tana aiki saboda kauri ɗaya take ƙara wa kowane layi, wanda yake 0.2 ya koma 0.4 ya ninka kenan, mai kaurin kuma da ƙyar za ka ga ya canza. A sunan ango da amarya, ko kanun satifiket na islamiyya, wallahi tana ceton aiki, kuma ta fi danna B a kan fon ɗin da ba shi da bol nasa na asali, don a nan kwamfuta ce ke kumbura shi yadda ta ga dama ba kai ke aunawa ba. Amma layin gefen ba waje kawai yake ci ba, yana cin cikin harafin ma. A ƙaramin saiz idon e da a sai su toshe, ƙugiyar ƙ ta manne da sandar ta zama dunƙule, haruffa su taɓa juna, ka gudu daga layi mai ɓacewa ka faɗa rubutu mai cushewa. Sannan in ka rage girman dizain ɗin daga baya, misali daga A4 zuwa rabinsa, ba ka sa alamar layin ya bi girman abin ba, haruffa za su ƙanƙance layin ya tsaya yadda yake, sai aikin ya dagule. A ganina wannan hanyar ta manyan rubutu ce, daga saiz 18 zuwa sama, ƙasa da haka canza fon ya fi.

Kafin mu je kan inji akwai abin da ya fi fon kashe layi kuma ba a cika zarginsa ba, launi. Firinta ba ta da tawadar toka-toka, ba ta da ta ruwan gwal. In ka ce mata toka-toka sai ta ɗiga baƙi ta bar fili ta ɗiga ta bar fili, daga nesa ido ya ga toka. A faffaɗan wuri ba komai, amma layin da faɗinsa ɗigo biyu ne in aka ce a bar rabinsa fili me ya rage? Ruwan gwal ɗin nan da kowace amarya ke so haɗin rawaya ne da ɗan ja da ɗan baƙi, kowanne ɗigo-ɗigo, in ka duba sunan da gilashin ƙara girma za ka ga layin ya zama kamar an yayyafa gero a tabarma. Farin rubutu a kan baƙi ko shuɗi mai duhu shi kuma ta ɗaya gefen ake cinsa, tawadar da ke kewaye ce ke bazuwa ta shigo ta rufe shi. Shi ya sa masu ɗab'i suke cewa layi mai launi ɗaya cikakke kar ya gaza 0.25 pt, fari a kan duhu kuwa kar ya gaza 0.5 pt, ninki biyu. Ƙananan rubutu ka sa su baƙi zalla, wato a launukan ɗab'i huɗu na CMYK ka sa K, baƙi, 100 sauran ukun sifili, kar ka ɗauki baƙin RGB na sikirin don wajen bugawa yana iya rikiɗewa ya zama haɗin launi huɗu. Sau da yawa mutum na shirin sayen sabuwar firinta alhali launin rubutun kawai zai mayar baƙi matsalar ta wuce.

To sai hanya ta uku, inji. Nan ma kafin ka hau mota ka duba ta gida tukuna. A firintocin HP akwai EconoMode, wasu kamfanonin suna ce masa Toner Save, yara masu taya aiki suna kunna shi don tona ta daɗe, kuma siraran layuka yake fara ci, ka kashe shi in aikin kati ne. Tonar da muke durawa a katirij ba duka ce mai kyau ba, dirom, gangar da ke ɗora tona a takarda, in ya tsufa rubutu yana dusashewa, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, da damina kuma takarda na shan danshi tona ta ƙi kama ta sosai, gara ka ajiye rim ɗinka a leda a ɗaure sama da ƙasa. Kati mai kauri in ba ka gaya wa firinta a saitin cewa mai kauri ba ne, ba za ta rage gudu ta gasa shi yadda ya kamata ba, ka goga yatsa rubutun ya biyo ka. Katin nan mai gurje-gurje a jiki kamar saƙa shi ma yana da kyau a hannu amma tona ba ta shiga ramukansa, siririn layi zai fito a tsittsinke ko da sabon katirij ne. Firinta mai tawadar ruwa, irin Epson masu tanki, halinta daban, a kan takarda ta yau da kullum tawadar bazuwa take yi, layi baƙi ya ƙara kauri, wanda wani lokacin taimako ne, amma fari a kan duhu ya toshe, in kuma hancin da ke fesa tawadar ya toshe saboda an kwana biyu ba a kunna ba sai ka ga fararen layuka sun ratsa rubutun. A takarda mai sheƙi ta hoto kam tana fitar da launi fiye da ƙaramar leza.

Ofset, babban injin ɗab'i na cikin birni, gaskiya wani mataki ne daban. Injin da ke ƙona filet, wato farantin ƙarfen da ake ɗora zanen a kai a buga da shi, yana aiki a wajen 2400 dpi, ɗigonsa kusan 0.01 mm, layin nan da lezarka ke ba ɗigo biyu shi zai ba shi wajen bakwai, don haka Bodoni baƙi a kan farin kati mai santsi zai fito yadda mai zanensa ya so. Amma a lura da kyau, wannan alherin na launi ɗaya ne. Da yawan injinan da ake aiki da su, irin Kord 64 na Heidelberg, launi ɗaya suke bugawa a lokaci guda, aikin kala huɗu sai takarda ta bi ta ciki sau huɗu, in ta goce ko da kaurin gashi ne a zagaye ɗaya sai ka ga siririn rubutun ruwan gwal ya yi inuwa, ja a gefe rawaya a gefe. Wato kai aiki Kano ba ya gyara kuskuren launi, wani lokacin ƙara tona shi yake yi. In gwal ɗin ake so da gaske sai dai a buga shi da tawadar gwal ta musamman a filet nasa shi kaɗai, ko a yi foyil, wato a manna takardar gwal mai ƙyalli da zafi, shi ma foyil ɗin ba ya son layi siriri sosai. Ga kuɗin filet, ga kuɗin mota, ga yinin da shagonka zai kasance a rufe, duk wannan in kati ɗari ne ba zai fitar da kansa ba, sai in dubbai ne, kalandar ƙungiya ko fom na makaranta ko katin gidan sarauta. Matsakaicin aiki mai kala gara manyan injinan dijital da ake ce wa DI, ba ruwanka da jiran filet. Kuma don Allah in za ka tura aikin ta WhatsApp kar ka tura shi a hoto, matse shi yake yi siraran layuka su narke tun kafin su isa, ka mayar da rubutun zane da Ctrl+Q don kar fon ya canza a kwamfutarsu, ka fitar da PDF ka tura a matsayin dokumen.

Takardar jarabawa kuwa ba ta ma shiga wannan gardamar. Malam zai karɓi kwafi ɗaya a wajenka ya kai fotokwafi, wata makarantar ta ari ɗaya daga ciki ta sake yin fotokwafinsa, kowane zagaye yana cin siraran wurare, alamar ragi a lissafi da ɗigon desimal da layin da ke raba kashi su ne ke fara tafiya, yaro ya ga 8 ya zaci 3 ya faɗi a tambayar da ya iya. A nan babu zancen kwalliya, Andika ko Arial, saiz 12, baƙi zalla, layukan tebur kar su gaza 0.5 pt. Ko hedimasta ya ce a matse don takarda ta ragu, ka rage gefe-gefen shafin ka bar saiz ɗin.

Masu aikin ajami da Larabci na makarantun allo da islamiyya ku ma abin ya shafe ku, ko ma ya fi, don wasula da ɗigo su ne mafi ƙanƙanta a shafin kuma su ne ke canza karatu. Traditional Arabic da ke zuwa da Windows ƙanana yake fitowa kuma wasulansa sirara ne, sai ka ɗaga saiz sosai kafin fataha da kisira su tsaya da ƙafarsu. SIL suna da Alkalami, wanda aka zana a kan rubutun Kano mai kauri irin na allo, da Harmattan mai ɗan sauƙin jiki da aka yi don ajamin Afirka ta Yamma, dukansu kyauta. Alkalami ko fotokwafi ba ya jin tsoro, sai dai yana cin wuri, dogon rubutu Harmattan ya fi dacewa. Jan wasali da malamai ke so shi ma ka sa ja mai ƙarfi cikakke, kar ka sa mai haske.

Abin da zai raba ka da yawan asarar kati shi ne takardar gwaji taka ta kanka, don lezata da taka ba ƙarfi ɗaya suke da shi ba. Ka rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da haruffan da ke ba da wahala, misali Ɗahiru ya ɗauki ƙwarya zuwa Ɓaɓura ƙarfe 11:30, ka jera ta a fon biyar ɗin da ka fi amfani da su, a saiz 8 da 10 da 12 da 18, sahu ɗaya baƙi, sahu ɗaya ruwan gwal, sahu ɗaya fari a kan duhu, ka fitar a kan ainihin katin da kake sayarwa ba farar takarda ba. Ka liƙa ta a bango kusa da kwamfuta kwastoma ya zaɓa da idonsa daga abin da injin ya riga ya fitar, kuma duk ranar da ka canza katirij ko ka sayo wani irin kati ka sake fitar da sabuwa ka cire tsohuwar.